Darasin Kimiyya: Ɗan Aike A Ƙofar Ƙwayar Halitta

A aji mun koyi cewa jikinmu tarin ƙwayoyin halitta ne, kuma kowace ƙwaya tana kewaye da tantanin kitse, kamar gida da katanga. Can ciki aka ajiye DNA, wato umarnin gado. Idan kuskure ya shiga umarnin, sai a haifi yaro da ciwo irin sikila, wanda ya sa iyaye da yawa a cikin ikilisiyoyinmu kwana a asibiti. Masana suna so su aika gyararren umarni ciki, amma DNA babba ce, tantanin ba ya barinta ta wuce.

A 1988 aka gano cewa wani furotin na ƙwayar cutar HIV, mai suna Tat, yana shiga ƙwayar halitta da kansa. A 1994 aka sami wani guntu mai amino asid 16 daga furotin ɗin ƙudan 'ya'yan itace, shi ma yana shiga. Irin waɗannan gajerun guntaye ake kira feftaid, su ne 'yan aikenmu.

Ta yaya suke shiga? Mu tuna da kawunan batir guda biyu. Feftaid yana da cajin tarawa, DNA da bayan ƙwayar kuwa suna da cajin ɗebewa. Don haka feftaid yana kama DNA ya dunƙule ta, sa'an nan ya manne wa tantanin. Wani lokaci yakan ratsa kai tsaye, amma idan kaya ya yi girma, tantanin ne yake lotsawa ya haɗiye shi cikin 'yar jaka.

A nan wahalar take. Ɗan aike ya shiga zaure, bai shiga cikin gida ba. Ruwan jakar yana ƙara tsami, in bai fasa ta ya fito ba, za a kai shi inda ƙwayar take narkar da shara. Yawancin kayan a nan yake lalacewa.

A 2023 Ingila da Amurka sun amince da Casgevy, maganin sikila mai gyara umarnin gado. Ba feftaid ake amfani da shi ba: ana fitar da ƙwayoyin majinyaci, a buɗe su da wutar lantarki. A 2023 an sa kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2. Shi ya sa ake neman ɗan aike mai araha.

Muna gode wa Allah Mahalicci wanda ya tsara jikinmu haka. Kafin maganin ya iso gare mu, kada ɗayanmu ya yi alkawarin aure bai gwada jininsa ba.