Ƙarar Gaban Mota: Gargaɗi Ga Direbobi

Idan gaban mota ya fara ƙara ƙwal-ƙwal, musamman a kan gargada ko wajen shan kwana, alama ce wani ƙarfe ya saki. Direban kirki ba ya ƙyale wannan ƙara, domin idan tayarod ya tsinke ana cikin gudu, sitiyari ba zai ƙara sarrafa taya ba.

Ga yadda ake gano inda ɓarnar take:

1. A fara duba notunan taya, a ɗaure wanda ya kwance.

2. A ɗaga gaban motar da jak, a kama taya dama da hagu, a jijjiga. Idan ta yi wasa, yawanci tayarod ne ya ci.

3. A kama ta sama da ƙasa, a sake jijjigawa. Idan ta motsa, a tuhumi boljoyin ko boris.

4. A sauke motar, a danna gabanta da ƙarfi, a saki. Idan ta dinga lilo, shokazoba ya mutu.

Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ƙarfen da ya ci kuwa, makanike ya sa sabo. Walda ko ɗaurin roba ba gyara ba ne, sayar da rai ne.