Nonon Uwa da Tazarar Haihuwa

Kowane manomi ya sani, in aka cunkushe gero a rami ɗaya, ba ya yin zangarniyar kirki. Haka sha'anin haihuwa yake. Yaron da aka yi wa ƙane tun bai yi ƙwari ba, shi cuta ta fi saurin kayarwa.

Ga dalili. Nonon uwa abinci ne, kuma garkuwa ne daga zawo da ciwon huhu, waɗanda ke cikin manyan cututtukan da ke kashe ƙananan yara. In mace ta yi kwanika, akan yaye na goye farat ɗaya, a bar shi da koko da kunu zalla. Daga nan sai rama, sai kumburin ƙafafu, gashi ya yi ja. Mutanen Ga na ƙasar Gana suna kiran wannan ciwo kwashiyoko, wato ciwon yaron da sabon jariri ya ture. Likita Cicely Williams ce ta shigar da sunan cikin littattafan likitanci a 1935. Na cikin ma bai tsira ba, don uwar da jininta bai komo ba takan haifi ɗa ƙarami, ko bakwaini.

Saboda haka a kiyaye abu huɗu:

1. A sa jariri a nono cikin sa'ar farko. Kada a zubar da dakashi, shi ne rigakafinsa na fari.

2. Har wata 6 a ba shi nono kaɗai, ko ruwa kada a ƙara. Ruwan da ke cikin nono ya ishe shi, ko da bazara ne.

3. Daga wata 6 a haɗa da abinci mai laushi, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye.

4. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki.

Shayarwa kanta tana jinkirta ciki, amma da sharaɗi uku: jariri bai kai wata 6 ba, nono kaɗai yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta komo ba. In ɗaya ya warware, sai miji da mata su nemi shawara a asibiti.

In kuwa ciki ya riga ya shiga, nono bai zama dafi ba. Kada a yi gaggawar yaye, a dai ƙara wa uwa abinci, a kai ta awo.

Maigida, wannan aiki har da kai. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa.