Darasi: Kumburin Babbar Jijiyar Jini da Gyaransa Ba Tare da Buɗe Ƙirji Ba

Mece ce wannan cuta?

Daga zuciyarka akwai wata babbar jijiya da likitoci ke kira awota. Kaurinta ya kai na tiyon ban ruwa. Tana bi ta ƙirji ta gangara ciki, tana raba jini ga dukan jiki. Bangonta hawa uku ne. Idan bangon ya tsage, jini yakan tsiyaya ya taru a gefe, naman da ke kewaye ya riƙe shi kamar jaka. Wannan jaka ba ta da ƙarfin jijiya. Kowane bugun zuciya yana ƙara hura ta, kuma ranar da ta fashe mutum na iya rasuwa kafin a kai shi asibiti.

Me ke kawo ta?

Haɗarin mota ko babur inda ƙirji ya bugu, sukar wuƙa, ɗinkin tsohuwar tiyatar zuciya da ya saki, ko ƙwayoyin cuta irin na tarin fuka da suka ci bangon jijiyar. Hawan jini da shan taba suna ƙara raunana shi. Wani lokaci sai bayan shekaru da haɗarin ciwon ke bayyana.

Alamomi

Ciwon ƙirji ko baya da ya ƙi tafiya, dishewar murya, wahalar haɗiye abinci, tari da jini, ko ƙullutu a ciki mai bugawa kamar zuciya. Kumburin da ke bugawa ba maruru ba ne. Kada ka bari wanzami ya tsaga shi ko ya kafa masa ƙaho, kada kuma a matsa shi. Ka je Babban Asibitin Mamobi ko asibiti mafi kusa a ranar, ka faɗa wa likita duk haɗarin da ka taɓa yi. Idan ya ga alama, zai tura ka Korle Bu, inda Cibiyar Zuciya da Ƙirji ta Ƙasa take, wadda Farfesa Frimpong-Boateng ya kafa a 1989. Hoton sikanin ne zai nuna gaskiyar ciwon.

Idan jiki ba zai ɗauki babbar tiyata ba fa?

A da sai an buɗe ƙirji ko ciki. Tsoho, ko mai ciwon ƙoda, huhu ko raunin zuciya, ba lalle ya jure wannan ba. Yanzu akwai wata hanya. Likita yana yin ƙaramar kafa a matsematsi, ya zura siririn bututu cikin jijiyar cinya, yana kallo a na'ura har ya isa wurin tsagewar. Nan zai saki wata ragar ƙarfe mai rufin ƙyalle, ta buɗe ta manne a bango. Jini ya bi ta cikinta, jakar ta daina samun jini. Likita Nikolai Bolodos ya yi wannan aiki a birnin Harkib na Yukiren a 1987, ga mutumin da ya ji rauni a jijiyar ƙirji.

Zubar jini kaɗan ne, kuma yawanci ana tashi da wuri. Amma ba kowa ya dace da ita ba: siffar jijiya da kasancewar ƙwayar cuta suna canza shawara. Ka tambayi likita wace hanya ta dace da kai, ina ake yinta, nawa ne kuɗin, don dangi su shirya tun da wuri.

Bayan aiki

Ragar na iya gocewa ko ta yi yoyo ba tare da ka ji komai ba. Saboda haka za ka riƙa komawa hoto muddin rai. Ka sha maganin hawan jini kullum, ka rage gishiri da magi, ka bar taba. Idan zazzaɓi ya zo, ko ƙafa ta yi sanyi, ko matsematsi ya kumbura, koma asibiti nan take.

Ka karanta wa tsofaffin gidanku wannan darasi. Allah ya ba mu lafiya.