Amsoshin Tambayoyinku: Ina Iyalan Sojan da Ya Rasu Za Su Nemi Tallafi?

TAMBAYA: Yayana soja ne, ya rasu a bakin daga a Jihar Borno, ya bar mata da yara a Maiyama. Wace ƙofa za mu ƙwanƙwasa? Kuma kuɗin tambarin nan da ake maƙalawa a ƙirji a watan Janairu, su wa ake ba? Daga wani mai karatu a Jega.

AMSA: Malam, Allah Ya jiƙansa, Ya raya abin da ya bari. Da farko ku raba haƙƙi da taimako, ku fara bin haƙƙin, domin shi ba roƙo ba ne.

Sojan da ya rasu a bakin aiki, iyalinsa suna da kuɗin rasuwa da na inshorar rai. Daga bataliyarsa ake fara bin takardu, su wuce hedikwata, kuɗin rasuwar kuma ya fito ta Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja. Rundunar Sojan Ƙasa tana da tsarin ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan waɗanda suka rasu a bakin aiki, amma sai an nema. Ku tanadi lambarsa ta soja, da takardar shaidar rasuwa, da takardun haihuwar yara da na makarantarsu. Idan kun rasa hanya, ku nemi bayani a barikin Dukku da ke Birnin Kebbi.

Ga inda rigima ta saba tasowa: wanda mamaci ya rubuta sunansa a takardun aiki shi ake miƙa wa kuɗi. Wannan bai mai da shi mai dukiyar ba, amana ce ya karɓa. Ku kai maganar gaban alƙali ko malamin da ya san rabon gado, kada a danne marayu.

Shi kuwa tambarin, na Ranar Tunawa da Sojoji ne, 15 ga Janairu, ranar da Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970. Kafin ranar, shugaban ƙasa da gwamnoni kan ƙaddamar da gidauniya. Ana tara kuɗin ne domin tsofaffin sojoji da naƙasassu da matan mamata, ta hannun Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Najeriya, wadda aka kafa da doka a 1964, tana kuma da reshe a jihohi. Ku kai sunan matar da na yaran reshen Kebbi a rubuta. 'Yan ƙungiyar sun san ofisoshin nan ciki da bai, kuma da ɗan gari akan ci gari. Ƙungiyar matan hafsoshin sojan ƙasa, NAOWA, ita ma takan koya wa zawarawan sojoji sana'a. Sai dai kada ku ɗora rayuwar gidan a kan gidauniya. Masu buƙata sun fi abin da ake tarawa yawa.

Duk wanda ya ce a ba shi wani abu ya fito muku da kuɗin da wuri, ku guje shi.

Kafin haƙƙin ya fito, nauyin yana wuyan dangi da maƙwabta. Idan gidan na cikin rashi, sun cancanci zakka. Attajiran kasuwar Jega da manoman albasa na Aliero ba za su rasa ɗan jarin da matar za ta juya ba, in an je musu da mutunci. Kai ne baffan yaran, Malam, kai za ka shige gaba.