Yoga Nidra: Dabarar Kwantar da Hankali

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. To, amma akwai ciwon da ido ba ya gani, watau damuwa da baƙin ciki da rashin barci. Sai mutum ya kwana yana juyi, gari ya waye ya tashi a gajiye. Mu ɗalibai mun san wannan hali, musamman idan jarrabawa ta ƙarato.

Mutanen Indiya suna da wata dabara ta rage wannan wahala, sunanta Yoga Nidra. A harshen Sanskirit, nidra na nufin barci. Wanda ya tsara ta yadda ake yin ta yanzu shi ne Swami Satyananda Saraswati, wanda ya kafa makarantar yoga a garin Munger cikin Jihar Bihar. Ya fitar da littafinsa a kanta a 1976. A 2006 an gwada wani nau'inta ga sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙi, a asibitin Walter Reed.

Ga yadda ake yi. Mutum zai kwanta rigingine, ya saki jiki, ya rufe ido. Sai jagora ya riƙa ambaton gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya da murya mai taushi. Yakan fara da babban yatsan hannun dama, ya bi ta kafaɗa har zuwa ƙafa, sa'an nan ya koma hagu. Na kwance ba ya motsi, hankalinsa kawai zai kai kan gaɓar da aka ambata. Daga nan sai ƙirgen numfashi da baya da baya, misali daga 27 zuwa 1. Yawanci ana ɗaukar minti 20 zuwa 40.

Ina sirrin abin? Idan mutum ya damu, zuciyarsa takan yi ta bugawa, jikinsa ya ɗaure kamar mai shirin gudu. Numfashi a hankali yana rage bugun zuciya, jiki ya saki. Har wa yau, taura biyu ba ta taunuwa: mai bin muryar jagora ba shi da sararin saƙe-saƙe.

Sai dai a lura, wannan taimako ne kurum. Wanda baƙin cikinsa ya kai mako biyu, ya daina jin daɗin abinci da wasa, ko yana tunanin cutar da kansa, lalle ya ga likita. 'Yan'uwana ɗalibai, idan kun ga haka ga abokinku, kada ku yi shiru, ku gaya wa malamin gida.