KIFIN DA NAMIJI KE RENON ƘWAI A BAKINSA

Yau za mu ɗan ajiye maganar tarwaɗa da kaji, mu leƙa kiwon kifin ado a akwatin gilashi.

Duk mai kiwon karfasa ya san yadda macen take kwashe ƙwanta ta riƙe a baki har ya ƙyanƙyashe. To akwai wani ɗan kifi mai suna Betta albimarginata, shi ma haka yake, sai dai a wurinsu namiji ne mai wannan aiki. Asalinsa tsibirin Borneo ne, ɓangaren Indonesiya, a ƙananan rafukan daji da ganye ya zuba a ciki har ruwan ya koma kalar shayi. Tsawonsa bai wuce santimita 5 ba. Namijin jikinsa ja-ja ne, bakin fikafikansa da fari, macen kuma ba ta da ƙyalli. Kar a haɗa shi da bettar nan mai dogon gashi ta shagunan kifin ado, waccan asalinta Thailand, kuma sheƙar kumfa take yi a saman ruwa.

Ruwa shi ne komai. Yana son ruwa mai laushi mai ɗan tsami, pH wajen 5 zuwa 6.5. Ruwan bohol ɗinmu sau da yawa yana da nauyin ma'adani, shi ya sa nake tara ruwan sama da damina in gauraya. Ina kuma zuba busasshen ganyen katapa, bishiyar nan mai faffaɗan ganye da ke yin ja kafin ya faɗi. Ganyen zai rina ruwan, kar ka zubar ka ce ya lalace, haka kifin yake so. Akwati mai lita 40 ya isa mace da namiji ɗaya, da matatar soso mai ruwa a hankali, da fasassun tukwanen ƙasa da za su ɓuya.

Babbar matsalarmu a nan zafi ce. Kifin yana son digiri 23 zuwa 27, mu kuwa a Maris da Afrilu ruwan ɗaki yana haura 30. Ni a ƙasa nake ajiye akwatin, a ɗakin da rana ba ta duka, in kunna ƙaramar fanka tana busa saman ruwan ta murfin raga. Murfin nan dole ne, don tsalle suke. Macena ta farko a ƙasan tabarma na tsince ta da safe, ta bushe, ta wata 'yar kafa da ko yatsa ba zai shiga ba. Ɗauke wuta na ɗan lokaci ba ya kashe su, saboda suna shaƙar iska daga sama kamar tarwaɗa.

In sun shirya haihuwa, namijin zai nannaɗe macen ta saki ƙwai kaɗan-kaɗan. Ita za ta tsince su da baki ta riƙa tofa masa yana cafewa, a maimaita har ƙwan ya ƙare. Daga nan za ka ga maƙogwaronsa ya kumbura, ya shige lungu, ya daina ci gaba ɗaya na kusan mako biyu.

A nan na yi asara. Zumuɗi ya sa kullum dare sai na haska shi da tocila in ga ko ƙwan na nan. Kwana huɗu maƙogwaro ya sace, ya haɗiye su tas. Namijin da ya tsorata haka yake yi, musamman wanda bai taɓa riƙo ba. Karo na biyu sai na rufe gaban gilashin da zani, na hana yara zuwa wurin, ban canja ruwa ba, ban taɓa komai ba.

Abu ɗaya da na yi shi ne cire macen bayan kwana kaɗan, a hankali. Dalili: ita tana ci tana ƙiba, za ta sake cika da ƙwai kafin ya saki na bakinsa, ta matsa masa ya ƙara ɗauka cikinsa babu komai. Sau biyu ko uku a jere zai rame ya mutu. Bayan ya saki 'ya'yan a ba shi hutun mako biyu, yana cin tsutsar sauro da sauran abinci mai rai.

'Ya'yan ba su da yawa, goma sha wani abu ka gode Allah, amma suna fitowa da ɗan girma suna iyo. Tun ranar farko suna cin sabuwar artemiya, wadda masu ƙyanƙyasar tarwaɗa suka sani. A ba su kaɗan sau biyu a rana, a zuƙe ragowar da siririn tiyo.

Maganar kuɗi kuma, gaskiya ba tarwaɗa ba ce da za ka kwashe a wata huɗu ka kai kasuwa. Samun irin ma aiki ne, masu saye kuma 'yan sha'awa ne. Wanda jarinsa bai tsaya ba ya fara da gupi, in ya iya riƙe ruwa mai kyau har bazara ta wuce ba mutuwa, sannan ya nemi wannan.