Amsoshin Tambayoyinku: Gwaji Ya Ce Ba Cizon Sauro Ba Ne, To Mece Ce?

Tambaya daga wata uwa a Rumbu, jihar Maraɗi: "Da sanyin bana ni da yarana uku muka kwanta da masassara da tari. An yi mana gwaji a likita aka ce ba ta cizon sauro ba ce. Wace cuta ce?"

Baiwar Allah, sannu da jinya. Abin da kika kwatanta ya yi kama da mura mai tsanani, wadda likitoci ke kira infuluwenza, kuma a Nijar ta fi yawa a watannin hunturu. Murar yau da kullum a hankali take zuwa, da atishawa da yoyon hanci, mutum na aikinsa. Ita wannan farat ɗaya take kayar da mutum: zafin jiki ya kai 38 ko fiye, busasshen tari, ciwon kai, gaɓoɓi kamar an yi masa duka. Kwana biyu bayan an ɗauka sai ta bayyana, shi ya sa take bin gida ɗaki-ɗaki.

Kin kyauta da kika fara da gwajin cizon sauro, don ido ba ya raba cututtukan biyu, ko idon likita ne. Tabbatar da infuluwenza kuwa sai an shafo majina daga can cikin hanci an yi mata gwajin PCR, irin wanda cibiyar CERMES ke yi a Yamai. Yawancin marasa lafiya ba sa buƙatarsa. Alamu da lokacin shekara sun isa.

Inda nake so ki sa ido shi ne numfashi. Mai ƙarfi kan warke cikin mako guda, ko da tarin ya daɗe. Amma mai ciki, da tsoho, da yaron da bai kai shekara 5 ba, musamman mai tamowa ko sikila, da mai asma ko ciwon sukari, tana iya gangarawa huhunsu. Ki ɗaga rigar yaro yana kwance shiru ki ƙirga: numfashi 50 a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ya yi yawa. In ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, ko ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, a koma likita a ranar, in sun tura ku asibitin Dakoro ku tafi. In wuya ya ƙage kuwa, a yi zargin sanƙarau.

Kafso na masu talla ba ya kashe ƙwayar wannan cuta. Ki ba su ruwa da kunu sosai da farasitamol, ban da asfirin ga yara.